Yadda Za Ka Kashe Shagon Wasanka Ba Tare da Ka Yage Leda Ba

Idan kana da shagon wasan kwamfuta, kuma ka gaji da ganin samari sun cika maka benci suna miƙo kuɗi, to ka zo inda ya dace. Hanyar da zan koya maka an gwada ta a cikin garin Kazaure, da rana tsaka, a gaban shaidu, kuma ta ci. Ina ba ka tabbaci, in ka bi matakan nan yadda suke, kafin damina ta zagayo shagonka zai koma wurin ajiye buhunan dusa. Ba a bukatar jari mai yawa. Taurin kai kawai ake nema, wanda alhamdulillahi ba mu taɓa shigo da shi daga waje ba.

Gwaninmu a wannan darasi shi ne Kyari, saurayi mai tsafta da son a yi komai a tsare. Abokin kasuwancinsa Silvanus ne, ɗan wani malamin asibiti da aiki ya kawo Kazaure tun da daɗewa. Tare suka yi firamare, tare aka yi musu bulala, tare kuma suka karɓi hayar shago a bakin titin Daura daga hannun Baba Kura, yayan mahaifin Kyari. Shagon nan shi ne abincinsu su biyun. Ka lura da kyau yadda Kyari ya yi da shi.

Mataki na 1: Ka yi sayayya kamar kai kaɗai ne a duniya

Da shagon ya fara kama ƙasa, sai suka yanke shawarar sayen babbar kwamfutar wasa, irin wadda za ta sa yaran Roni da Gwiwa su hau babur su taho kallo. Suka raba aiki. Silvanus zai haɗo kwamfutar, Kyari zai sayo allon, wato monita.

Nan ne za ka fara nuna bajinta. Kada ka kira abokinka ka ce, wane iri ka saya, don in sayo wanda zai dace da shi? Tambaya alamar rauni ce.

Kyari ya shiga Kano da sabuwar hularsa. Mai shago ya sauko masa da wani allo mai lanƙwasa, da jan tambari a kusurwa.

"Wannan, Alhaji, ko ƙuda ya gifta a cikin wasan sai ka ga gashin ƙafarsa."

Kyari bai taɓa zuwa ko filin jirgi ba, amma tunda aka ce masa Alhaji bai ƙara tambayar komai ba. Shi kuwa Silvanus, a can wani layin, ya sayo kwamfutar da ke da koren tambari. Kowa ya dawo gida yana ganin shi ya ceci shagon.

Mataki na 2: Kada ka fahimci abin da ka saya

Bayanin da ke ƙasa na rubuta shi ne don mahassada. Kai ka tsallake.

A cikin kwamfutar wasa akwai abin da ake kira katin hoto. Shi yake zana hotuna yana turo wa allo, da yawa a cikin ƙiftawar ido. Allon kuma yana da nasa saurin da yake share tsohon hoto ya ɗora sabo. Ka ɗauka mata biyu ne suke lugude a turmi ɗaya. In hannunsu ya zo ɗaya, daga waje ma sai ka tsaya saurare. In kowace ta bi son ranta, taɓare su gwabzu, hatsi ya watse. Haka allo yake yi in bai jira katin ba: ya nuna rabin tsohon hoto a sama, rabin sabo a ƙasa, sai ka ga hoton ya yage a tsakiya.

Maganin shi ne a sa allon ya riƙa jiran katin, su sauke hannu tare. Manyan kamfanoni biyu ne suka fi yin katin hoto, ɗaya tambarinsa kore, ɗaya ja, kuma kowanne ya fito da nasa tsarin na wannan jiran. A da tsarin biyu ko gaisawa ba sa yi. Yanzu an sami sassauci: koren kati yana iya tafiya da allunan ja da yawa, har da irin na Kyari. Sharaɗin kawai a haɗa su da wayar da ake ce wa DP, a kunna tsarin a jikin allon, a kuma amince da shi a cikin kwamfutar. Aikin da za ka gama kafin shayinka ya huce.

Ka tsallake? Madalla. Ilimi yana rage wa mutum ƙarfin murya a wajen musu.

Mataki na 3: Ka girmama leda

Wannan shi ne ginshiƙin darasin, ka kama shi da hannu biyu.

Mu mutane ne masu ganin girman leda. Kujerar babur tana cikin leda har babur ɗin ya tsufa. Rimot yana cikin leda har lambobin su daina dannuwa. Akwai gidan da in ka zauna a kujerar falo sai ta yi ƙara kamar ka taka busasshen ganye, kuma mai gidan zai dube ka da alfahari.

Da aka buɗe kwalin allon, Kyari ya ga wata baƙar waya a naɗe, a cikin leda mai sheƙi, an liƙe bakinta. Ita ce DP ɗin. Silvanus ya miƙa hannu.

"Kai, Silba, bari!" Kyari ya fizge ta. "Ka san ko me kake shirin yi?"

"Waya zan saka."

"Ranar da za a sayar da allon nan, so nake a ce komai nasa yana nan, ko ledarsa ba a fasa ba. Ka san yadda hakan ke ɗaga daraja?"

"Yau muka sayo shi fa, mutumina."

"Shi ya sa kake nan yadda kake. Ba ka hangen nesa."

Ga hikima kyauta: mutumin kirki ba ya sayen kaya don kansa. Yana saye ne don ya adana wa wanda zai saya a hannunsa nan gaba, mutumin da bai sani ba, wanda kuma zai taya da wulaƙanci.

Kyari ya mayar da wayar cikin kwali, ya ɗora kwalin a can saman kanta. Ya zaro tsohuwar wayar HDMI daga bayan dikodar kallon ƙwallo, ya hure ƙurar bakinta, ya cusa. Ta shiga. Hoto ya fito. A ƙa'idarmu, duk abin da ya shiga rami ya dace da ramin.

Aka kira Mamuda ya buɗe fage, don shi ne gwanin wasan ƙwallo na unguwar, kuma inda ya zauna nan sauran samari ke zama. Ya ɗauki abin dannawa, ya ja ƙwallo ta gefen dama da gudu. Sai filin ya rabe biyu.

"Oga Kyari," in ji Mamuda, "golan nan naka lafiya? Kansa yana Gwiwa, ƙafafunsa suna Roni."

Shago ya ɗauki dariya. Kyari ya ji dariyar har cikin haƙarƙarinsa, amma ya daure fuska ya ce sabon abu ne, sai ya ɗan yi zafi zai ware.

Mataki na 4: Ka nemo mai laifi daga nesa

Bai ware ba. To kada ka kuskura ka dubi saman kanta. Ka dubi duniya, tana da faɗi.

Kyari ya fara da masu wuta. Allah ya sani suna da nasu alhakin a wuyansu, amma wannan karon an zalunce su. Ya tayar da janareto, hoto ya yage. Ya ce man da aka sayar musu gauraye ne. Ya aro batirin sola daga mai cajin waya, hoto ya yage. Ya ce zafin gari ne, ya sayo fanka ya kafa wa allon ita shi kaɗai, masu wasa suna ta zufa a bayanta. Da fanka ta gaza, sai ya tuna cewa ranar da aka sauke kwalin mai shagon maƙwabta ya ce "kai, wannan allo!" bai ce tubarkalla ba. Aka yi turare. Shagon ya yi ƙamshi, hoto ya yage cikin ƙamshi.

Silvanus ma ya taɓuka. Ya tono wani tsohon maɓalli a cikin wasan da ke ɗaure hoto da ƙarfi. Yagewa ta tsaya, amma wasan ya yi nauyi.

"Oga Silba," in ji Mamuda, "na buga shot tun ɗazu. In ya iso ka gaishe shi."

Aka kashe maɓallin, aka koma gidan jiya.

Mataki na 5: In mai sani ya zo, ka tambaye shi shekarunsa

Haɗari mafi girma ga wannan shiri shi ne wani ya zo ya faɗi gaskiya a fili. Zai zo kuwa, sai ka shirya.

A wajen Kyari, Dorkas ce ta zo, ƙanwar Silvanus, wadda ke karatun kwamfuta a kwalejin kimiyya. Ta kawo wa yayanta abinci, ta tsaya tana kallon allon, ta leƙa bayansa.

"Yaya Kyari, ina wayar da ta zo da shi?"

"Tana wurin da ya dace da ita."

"Ita za ku saka. Wannan da kuka saka ba za ta ɗauki tsarin ba in katin kore ne. Ku sa waccan, ku kunna a nan, ku kunna a can, shi ke nan."

Ka ga irin wannan magana? Gajeriya, a sarari, ba ta da wurin kamawa. In ka tsaya amsa ta, ka faɗi. Ka dubi yadda gwani ya yi.

"Dorkas," in ji Kyari cikin murya mai sanyi, "ranar da aka haife ki, ni na raka Silba kai wa mamanku ruwan zafi a asibiti."

"Na sani, Yaya Kyari, kana faɗa mini kullum. Amma wayar..."

"Na goya ki. Kin yi mini fitsari a rigar Sallah."

"To ka bar ni in gwada, in bai yi ba in mayar."

"Ki mayar da ita cikin ledar da kika yage? Da me za ki liƙe, da digirin?"

Samari suka kwashe da dariya, kuma duk wanda aka yi wa dariya shi ya faɗi, ko da shi ke da gaskiya. Dorkas ta dubi yayanta. A nan ne Silvanus ya kamata ya miƙe ya sauko da kwalin. Amma ka tuna, kwalin na Kyari ne, kuma Silvanus ya fi jin daɗin a ce allon ne ba shi da kyau, don shi ba shi ya sayo ba. Sai ya buɗe kwanon abincinsa ya ce, "Bar shi, Dorkas. Ja ai ja ne."

Ta ɗauki jakarta ta fita. An tsallake rijiya.

Mataki na 6: Ku kafa jam'iyyu

Kalmar nan ta Silvanus ita ta buɗe sabon babi. Daga ranar, matsalar ta tashi daga ta waya ta koma ta aƙida.

Kyari ya zama shugaban 'yan ja. Silvanus ya zama jagoran 'yan kore. Samarin da ba su taɓa ganin cikin kwamfuta ba suka rabu gida biyu, kowa da hujjarsa da ya jiyo a bidiyon waya, rabi ya gane, rabi ya cike da kansa. Bencin dama na ja, na hagu na kore. Mai shayin ƙofar shago ya koyi tambayar mutum ɓangarensa kafin ya zuba masa madara.

"Katinka ne mai girman kai," Kyari zai ce. "Ba ya son zama da talaka."

"Allonka ne ƙauye ya yi masa yawa. An ba shi hoto mai kyau ya rasa yadda zai riƙe."

"Ni da kai wa ya fi sanin ƙauye? Wa ya faɗa dam da keken haya?"

"Wa ya tura ni?"

Ka lura, musun yana da daɗi. Wannan shi ne sirrinsa. Gyara aikin ɗan lokaci ne, in an gama an gama. Musu kuwa kullum da safe yana nan yana jiranka, sabo fil.

Ana cikin haka samarin garin Babura suka aiko cewa za su zo gasa ranar Asabar, sun ji labarin babban allo. Kyari ya share shago, ya goge allon da gefen rigarsa, ya roƙi Allah a ransa kada hoton ya ba shi kunya gaban baƙi. Suka iso a kan babura, suka zauna, aka fara. Mamuda ya kai hari a minti na ƙarshe, ya auna kusurwar raga, filin ya yage, ragar sama ta goce daga ta ƙasa, ƙwallo ta tafi inda Allah ya nufa.

Ɗaya daga cikin baƙin ya miƙe yana kakkaɓe wando.

"Mun gode da karamci. Amma wani satin ku zo wajenmu. Allonmu ƙarami ne, sai dai golanmu a haɗe yake."

Wani satin Mamuda ya tafi Babura. Ya tafi da bencin dama da na hagu gaba ɗaya, don a kan babur babu ja babu kore. Kyari da Silvanus suka wuni su biyu a shago, fanka tana kaɗa allo.

Mataki na 7: Ku kai magana gaban babba

Idan shago ya yi shiru, kowa zai fara jin numfashin ɗan'uwansa yana ba shi haushi. Lokaci ya yi da za a nemi dattijo. Ka zaɓi wanda kowa ke girmamawa, wanda kuma bai taɓa taɓa kwamfuta ba.

Suka sami Baba Kura a ƙofar gidansa bayan la'asar, suka cire takalma, suka durƙusa. Ya saurare su da haƙuri, yana jan carbi.

"Yanzu dai, 'ya'yana, in na fahimta, akwatin ba ya shiri da gilashin."

"Haka ne, Baba."

"An yi musu nasiha?"

"An yi turare ma, Baba," in ji Kyari.

Silvanus ya gyara zama. Hayar wata ta matso, kuma ya kwana biyu yana tunanin bencin nan da babu kowa. Ya sauke murya.

"Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, akwai wata magana. Ƙanwata ta ce in aka saka wayar da ta zo a kwalin, za su shirya."

Kyari ya hango abin a ransa. Ya ga shagon ya dawo, ya ga Mamuda a kan benci, ya kuma ga kansa tsaye gaban samari yana yage ledar da ya yi wata da watanni yana karewa, Dorkas tana kallo. Duka biyun ya gani a lokaci ɗaya.

Baba Kura ya juyo. "Kyari, ina wayar?"

"Tana nan, Baba. Sai dai... a ledarta take. Ba a fasa ba."

Dattijo ya dakatar da carbi. Ya waiwaya ya dubi motarsa da ke fake a gindin darbejiya, wadda kujerunta ke sheƙi cikin ledar kamfani tun Kyari yana sakandare. Ya jinjina kai a hankali.

"A'a. In a leda take, ba a taɓa ta ba. Silbanus, kai ma ka san wannan."

"Na sani, Baba," in ji Silvanus. Kuma abin takaicin, ya sani ɗin.

Hukunci ya fito cikin adalci: tunda kayan sun ƙi zama tare, kowa ya ɗauki abin da ya sayo, a rabu ana mutunci. Shagon kuma dama wani mai dusa ya daɗe yana nema.

Mataki na 8: Ka saba

Kada ka ɗauka an gama. Mutane da yawa suna kaiwa nan, sai nadama ta kama su, su ɓata aikin. Mataki na ƙarshe shi ke bambanta gwani da ɗan koyo.

Kyari ya kai allonsa zauren gidansu ya jingina. Allo ne mai kyau, baƙi wuluk, in ka matso kana ganin fuskarka. Silvanus ya kai kwamfutarsa ɗaki, tana kunnuwa, fitilunta suna walƙiya, ba ta da inda za ta nuna abin da take tunani. Kyari ya koma taya wani ɗinki, Silvanus ya koma ɗaukar fasinja zuwa kasuwar Gwiwa. In sun haɗu a hanya sai su ɗaga hannu.

Ran nan da yamma sai ga Silvanus a ƙofar zaure, da kwamfuta ɗaure a bayan babur.

"Ba sulhu na zo ba," ya ce. "Aron allo na zo."

"Ni ma ba sulhu zan yi ba. Shigo da ita, kada rana ta taɓa ta."

Suka haɗa yadda suka saba haɗawa. Suka zauna a tabarma ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa. Kyari ya ja ƙwallo ta gefen dama, fili ya rabe biyu, kan gola ya yi gabas, ƙafafunsa suka yi yamma.

"Ka san wani abu, Silba? In ka daɗe kana kallo, ba ya ma damun mutum."

"Wallahi. Ni yanzu in na ga hoto a haɗe sai in ji kamar da abin da ya ɓace."

"Ka auna tsakanin kan da ƙafar. Nan ragar take."

Silvanus ya auna tsakani, ya ci. Suka yi ihu har kaji suka watse. A daidai lokacin, a bakin titin Daura, ana sauke buhunan dusa a shagon da ya ciyar da su.

In ka kai inda za ka dubi abin da ya lalace ka ce ai ba ya damun mutum, to ka sauke karatu. Je ka, kai ma ka koyar.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Idan shagonka ya rufe, ƙoƙarinka ne, kada ka raba ladan da kowa. Idan ka bi matakan amma aka yi rashin sa'a wani ya saurari ƙanwarsa, hoto ya gyaru, samari suka dawo suka hana ka sakat, wannan sakacinka ne, ba a dawo da darasi. Kamfanin kore da na ja ba su san ana yi ba, masu wuta an wanke su, mai shagon maƙwabta kuma ya ce a gaya wa jama'a ya faɗi tubarkalla a zuciyarsa. Masu ƙorafi su same ni a shagon dusa. Akwai wurin zama, benci biyu ne, duk babu kowa.